Buhun Kanwa Daga Madawa

Maamobi, Accra
3 ga Maris

Yaya Sa'adiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara da duk wanda ya tambaye ni a Madawa. Mu nan lafiya lau, sai zafin gari da ya sa albasa ta fara laushi a rumfa.

Hamdia ta sauka lafiya, mace aka samu, jiya aka raɗa mata suna Nasira. Na san na gaya miki ta waya, amma kin san wayar gidanku: tana aljihun Malam, kuma da ta yi ƙara sai gida duka ya taru a kanta. Akwai maganar da ba ta waya ba ce, shi ya sa na ba Seidu, direban motar albasa, wannan takarda.

Kin san Hamdia 'yar Dagomba ce, uwarta ta rasu tun tana ƙarama, danginta suna can Yendi. Tun tana da ciki take damuna da tambaya: yaya ake jego a gidanku? Me Yaya take yi wa matan da ta karɓi haihuwarsu? Ni kuwa me na sani? Na san dai hayaƙi da katuwar tukunya da ihun mata a bayan ɗaki. Ta ce ba ta son ranar da za mu zo Madawa a nuna ta da baki, a ce matar Zulkifli ba ta yi jego irin na mutane ba.

Ke kika raine ni bayan Inna, kuma shekara talatin kina ungozoma. Don Allah ki rubuto mata komai dalla-dalla. Ƙafafunta sun ɗan kumbura, amma matan gidan hayarmu sun ce haka ake yi.

Ƙaninki,
Zulkifli

Madawa
19 ga Maris

Kai Gajere,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin albasa har cikin ido. Muna lafiya, Malam na sa albarka. Barka, barka! Wai kai ne yau uban wata? Ikon Allah! Jiya-jiya nake share maka majina da bakin zanina.

Amma ka ba ni haushi. Sai da aka yi suna ka tuna kana da ya? Jego daga ranar haihuwa ake fara shi, ga shi kun zubar da kwanaki a banza. Kumburin nan sanyi ne ya tarar da jiki a buɗe ya shige, kuma matan gidan hayarku ba su san komai ba, kada ka ƙara kawo mini maganarsu.

Na ba Seidu buhu guda. Akwai gero, akwai yaji, akwai jar kanwa ta gaske, wadda Buzaye ke saukowa da ita, ba farar ƙasar nan da ake sayar muku ba. Ka karanta mata wannan a hankali. Ruwa ya tafasa har ya yi tsalle, a tsoma ganyen darbejiya a fyaɗa a jiki, safe da yamma. Kunu kuma kwano uku a rana, a jiƙa kanwa a tace a zuba da yawa, sai ta ji tana cizon harshe. Kada a yi mata rowa. Ita ke korar sanyi, ita ke kawo nono.

Gaskiya ni ban taɓa ganin 'yar kudu da ta jure ruwan nan ba. Kwana uku suke yi su ce ai addini bai wajabta ba. Amma tunda ita ta nema, mu zuba ido. In ta cika arba'in ba fashi, ni da ƙafata zan hau motar albasa in zo in ga wannan mata taka.

A shafa mini kan Nasira. Allah ya raya, Allah ya sa ba ta ɗauko tsawonka ba.

Yayarka,
Sa'adiyya

Maamobi
22 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Malam. Ki yafe mini shirun wata biyu, ba daɗi ne ya sa ba.

Buhu ya iso, ni da kaina na sauke shi daga mota a kasuwar Agbogbloshie don murna. Hamdia ta yi arba'in ɗinta cif. Matan gidanmu har leƙe suke yi suna riƙe baki, Zuera maƙwabciyarmu ta ce wannan ba wanka ba ne, dahuwa ce. Fatar bayanta ta saɓule wuri biyu, ba ta ce uffan ba.

Sai dai kumburin bai sauka ba, hawa ya yi, har gwiwa, har ciki. Ta daina iya kwanciya sai a jingine da matashi uku. Daga ɗaki zuwa famfo sai ta tsaya sau biyu tana haki. Ranar da ta kasa ƙarasa Fatiha a tsaye na ɗauke ta zuwa asibiti.

Sun yi hoton ƙirji, sun ɗebi jini. Likitan, wani dattijo mai haƙuri, ya zaunar da ni ya yi bayani da Turanci da Twi, ga abin da na kama. Zuciyarta ta buɗe ta yi laushi, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa. Ya ce wani lokaci haihuwa kan jawo haka. Ya ce Allah ya yi wa zuciya wata dabara: in kaya ya yi mata yawa, sai ta saki wani sinadari cikin jini, kamar ɗan aike. Ya je ya ce wa jijiyoyi su saki jiki su buɗe, ya ce wa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, don a rage mata nauyi. Shi suka auna a jininta, suka ga ya ninka na mai lafiya sau da yawa. Na ce to ai alheri ne tunda yana da yawa. Ya girgiza kai. Ya ce yawansa na nufin zuciya tana ta aike ba a amsa mata. In ciwo ya daɗe, jiki kan daina jin saƙon, kuma akwai wasu sinadaran masu matse jijiya da riƙe ruwa da ke rinjayarsa. Yaya, tun da ya faɗi haka hankalina bai sake kwanciya ba.

Ya ba da ƙwayoyi, wasu na buɗe jijiya, wasu na sa fitsari. Ya ce ta yi sallama da gishiri da magi da kifin nan mai gishiri da ake sa wa miya a nan. Ya tambaya ko tana shan maganin gargajiya, na ce ko kaɗan. Mun kwashe gishirin gidan mun ba Zuera. Abinci ya zama lami, ba ta iya haɗiye shi. Kununki kaɗai ke shiga.

Ki sa mu a addu'a.

Zulkifli

Madawa
15 ga Yuni

Gajere,

Na ga takardarka, na karanta sau uku. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an fara shuka. Ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya.

Da farko dai ka ce mata na janye maganata. Arba'in ba fashi, har fata ta saɓule ba ta yi ƙara ba? Wallahi ɗiyan cikina ba su yi haka ba. Na faɗa wa matan unguwarmu, na ce su je Accra su koyo jego wurin 'yar Dagomba.

Wannan ɗan aike na likitanku ban gane kansa ba, amma ban ƙi ba. A sha ƙwayarsa, kada a yi wasa da ita. Shi ya san zuciya, ni na san mai jego. Kai da hannunka ka rubuta kununa kaɗai ke shiga. To me ya fi wannan shaida? Jiki ya san abin da yake so. Makarar da kuka yi ce ta sa sanyin ya yi saiwa, kuma sanyin da ya yi saiwa arba'in ba ta isarsa. A bar wankan tunda fata ta ji ciwo. Kunu kuwa kada a bari sai kumburi ya sauka, a ma ƙara masa kanwa. Gishiri a bar shi kamar yadda aka ce, da ma kunun kanwa ba ya neman gishiri.

Ga buhu na biyu nan wurin Seidu. Zuwa kam ina nan a kan alkawari, sai dai mata uku ke jirana a wata guda, ga gona. Da an yi girbi za ku gan ni.

Ka daina tsorata kanka, tun kana yaro haka kake.

Sa'adiyya

Maamobi
20 ga Yuli

Yaya,

Ni ne Hamdia. Ina gaishe ki paa, ina gaida Baba Malam. Ki yi haƙuri da Hausana, na Zongo ne, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinmu.

Baban Nasira ya karanta mini takardarki. Da ya zo wurin da kika ce mata su zo su koya wurina, na ce ya maimaita, ya maimaita. Na yi kuka. Tun da mamana ya rasu ba wanda ya yi alfahari da ni a gaban mutane.

Ina shan kunu kwano uku, na ƙara kanwa yadda kika ce. Wani lokaci yana so ya dawo, sai in toshe hanci in shanye. Ƙwayan asibiti ma ina sha. Gishiri ban taɓa shi ba kwata-kwata.

Amma Yaya, jikin bai sauka ba. Zobena an yanke shi da ƙarfe. An sake kwantar da ni kwana shida, an cire ruwa, na dawo gida, ruwa ya dawo. Nasira ya yi ƙiba, yana dariya, amma ban iya goya shi. In na ɗaure zani a ƙirji numfashi na tsayawa. Zuera ne ke goya shi, yanzu in ya ga Zuera yake miƙa hannu. Wannan ya fi ciwon yi mini ciwo.

Ki gaya mini gaskiya, akwai wurin da na yi kuskure? Ko kanwan bai isa ba? Ina jin tsoro, ban so in bar yarinyan nan yadda aka bar ni.

Hamdia

Maamobi
2 ga Satumba

Yaya,

Na gaishe ki don ke kika koya mini gaisuwa, amma ba ni da lafiyar da zan ba ki labarinta. Na ɗauki waya sau uku ina ajiyewa. Ba zan faɗi wannan Malam da yara suna ji ba.

Hamdia na asibiti, karo na uku. Likita ya ƙara ƙwaya, ya canza ƙwaya, awon jinin nan sai hawa yake yi. Har ya kira ni gefe ya ce in faɗa masa gaskiya, ana ba ta gishiri a ɓoye? Na rantse masa da Allah.

Ranar Laraba da azahar Zuera ta kawo kunu a filas. Akwai wata nas, Sharifa, 'yar unguwar Nima ce, kakarta Bazazzagiya. Tana wucewa ta ji ƙanshin, ta tsaya. Ta ce, "Kunun kanwa ne wannan? Tun yaushe kike sha?" Hamdia ta ɗago kai da alfahari ta ce, "Tun watan Maris, kwano uku kullum." Sharifa ta ɗauke filas ɗin ta fita. Can sai ga likita ya kira ni waje.

Shi kanwar da ya sani ita ce 'yar gutsuren da ake jefa wa wake ko kuɓewa. Bai taɓa jin ana dama ta a sha ba, shi ya sa bai tambaya ba. Ya ce abin da ke cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki, shi ne cike da kanwa. Duk abin da ƙwaya ta fitar, duk abin da zuciyar ta yi ta roƙon ƙoda ta zubar, kwano ɗaya na mayar da shi. Bai ce kanwa ce ta kawo ciwon ba. Ya ce dai mata da yawa masu irin wannan zuciya kan farfaɗo in an ba ta hutu a watannin farko, tata kuwa ba ta huta ko rana ɗaya ba. Na ce yanzu fa? Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, yana faɗa yana kallon takalminsa.

Wata biyar, Yaya! Wata biyar yarinyar nan tana toshe hanci tana shanyewa don ki ce ta iya. Kika ce a ƙara. Kika ce ina tsorata kaina. Ina jin haushinki irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ban san inda zan ajiye shi ba, don ni ne na ce wa likita ba ta shan komai. Kunu ai abinci ne, wa zai kira shi magani? Ranakun da ta kasa tashi ni nake tace kanwar da hannuna, har in ɗanɗana in ji ko ta ji.

Na roƙe su kada su gaya mata dalili. An ce mata dai kanwa ta shiga cikin abubuwan da aka hana. Kada ki sake aiko da komai.

Zulkifli

Madawa
4 ga Satumba

Hamdia, ɗiyar albarka,

Sai shekaranjiya takardarki ta iso, motoci sun yi wata guda a tsaye a kan iyaka saboda hanya ba lafiya. Muna nan lau, gero ya fara kai.

Ki share hawayenki, ba ki yi kuskuren komai ba. Wani sanyin taurin kai gare shi, ki fi shi taurin kai. Goyo kuma yana nan yana jiranki, ɗa ba ya ɓata uwarsa. Na samo miki kanwa wadda ta fi ta da ƙarfi, na zaɓe ta ɗaya-ɗaya, tana cikin buhun nan. Saura kaɗan in zo, kuma ina so in tarar da ke kina daka.

Yayarki,
Sa'adiyya

Madawa
1 ga Oktoba

Zulkifli,

Na gaishe ka. Ba na tambayar mai jiki, ina tsoron amsar.

Takardarka ta same ni bayan tawa ta riga ta tafi, da buhun. Innalillahi. Ka ƙona su, ko ka zuba a kwata.

Da na karanta, faɗa na fara yi. Na ce likitan Accra me ya sani. Na kwana biyu ina faɗa ni kaɗai, Malam na tambaya ina ce masa ciwon kai ne. Rana ta uku na sa mayafi na tafi wurin likitanmu na nan, na ce wata ce ta aiko ni. Abin da naku ya faɗa shi ya faɗa, har ya ce sun daɗe suna faɗa wa ungozomomi. Ni ban taɓa zuwa taronsu ba. Nakan ce yaran da na yanke wa cibiya ba za su koya mini aiki ba.

Ni na sha kunun nan haihuwa bakwai na tashi garau. Mata ɗari nawa na ba suka tashi? Ta ina zan sani? Haka nake ta ce wa kaina, sai Zalia matar maƙeri ta faɗo mini. Ta kumbura, na ƙara mata kanwa, ta rasu da wata huɗu, na ce ba ta jure ba ne. Sai Nafi ta bayan masallaci. Akwai wasu, na daina lissafi.

Haushin da kake ji ka bar shi a kaina, nan ne wurinsa. Amma ɓoyewar nan ban yarda da ita ba. Yarinyar nan ta tambaye ni ko ita ta yi kuskure, kada ta zauna da wannan a ranta. Ka gaya mata ni ce. In ba ka iyawa, ka jira ni in durƙusa in faɗa mata da bakina. Seidu ya ce motarsa ta gaba sai ƙarshen wata, in an buɗe hanya. Na riga na ɗaure kayana.

Sa'adiyya

Maamobi
21 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Malam zai riga ya gaya miki, shi na kira. Hamdia ta rasu ranar Litinin bayan la'asar, a asibiti. An yi mata sutura washegari da safe. Mutanen Agbogbloshie sun rufe rumfuna sun zo, kawunta ya iso daga Yendi bayan an dawo daga maƙabarta.

Da aka daina kunun ruwan ya ɗan sauka, har ta yi kwana tara a gida, har ta zauna a ƙofar ɗaki an ɗora mata Nasira a cinya. Na fara sa rai. Sai ya dawo gaba ɗaya. Likita ya ce zuciyar ta riga ta saki, jijiyoyi da ƙoda sun daina jin ta, sun daina jin ƙwaya.

Kawunta ya tambaye ni me ya kashe ta, na ce ciwon zuciya. Ya ce zai tafi da Nasira, na ce a ba ni lokaci. Yanzu tana wurin Zuera, ni kuma ina zaune a ɗakin, ban iya zuwa kasuwa ba, ban iya taɓa kayanta ba. Ban san abin da zan yi ba, kuma ba na jin akwai abin da ya rage da za a yi.

Takardarki ta ƙarshe ta iso kwana huɗu kafin rasuwar. Kwana huɗu tana aljihuna. Kullum in zauna a bakin gado in ce yau zan faɗa, sai in dubi fuskarta in fasa. Na ce me zai amfane ta ta san matar da ta ɗauka uwa ce ta aiko, mijinta kuma ya tace ya miƙa mata?

Ranar Litinin ɗin da hantsi ta ɗan samu numfashi, ta jawo hannuna, ta ce akwai saƙo. Ta ce, "Ka gaya wa Yaya ba ni na bar kunun ba, hana ni aka yi. Da an bar ni na ci gaba yadda ya ce, da na warke. Ya yafe mini, kada ya ce na kasa."

Bakina a buɗe yake, Yaya, maganar na kan harshena. Na ce mata to, zan faɗa.

Ga shi na faɗa.

Zulkifli